Yadda ake ɗinka kunzugu mai wankuwa wanda zai iya da jini mai kauri da gudaji

Ni tela ce a nan Jos, kayan mata nake ɗinkawa, kuma abin da ya sa na shiga harkar ɗinkin kunzugu ƙanwata ce. Bayan ta haihu jinin biki ya zo mata da yawa ga gudaji, mun siyo audugar kanti mai tsada wadda aka rubuta ta dare ce a jikin ledar, amma duk asuba sai mun cire zanin gado mun wanke, kuma abin da ya ɗaure min kai shine in ka ɗauki audugar ka duba cikinta fari ne fes, jinin a sama ya kwanta ya gangara ta gefe. Na ce to wai ina amfanin kaurin kenan? Daga nan na fara farke audugar da almakashi ina duba abin da ke ciki, ina gwada yadi kala kala a shago, har na samu haɗin da nake ɗinka wa mutane yanzu. Shi zan koya miki tun daga siyan yadi har wanki, amma sai kin fara gane matsalar tukuna, don in ba ki gane ta ba za ki ɗinka abu mai kyau a ido wanda ba ya aiki.

Jinin al'ada ba ruwa bane 'yar uwa. Jini ne haɗe da ɓarɓashin fatar cikin mahaifa da ke saɓewa duk wata, da kuma majina mai yauƙi, shi ya sa yake da kauri yake da danƙo, wani lokacin ya fito da gudaji kamar hanta. Jinin kansa da mace ke zubarwa a al'ada ɗaya yawanci mililita 30 zuwa 40 ne, wato babban cokali biyu zuwa uku, in ya wuce mililita 80 likitoci na lissafa shi a mai yawa, amma abin da ke fita gaba ɗaya ya fi haka tunda ba jini ne zalla ba. To kinga abin da zai shanye ruwa daban, abin da zai karɓi wannan daban.

In kika farke audugar kanti za ki tarar da hawa hawa. A sama akwai wani siririn abu kamar takarda mai ƙananan ramuka, roba ce aka saƙa, ba ya shan komai, aikinsa ya bar jini ya wuce. Ƙarƙashinsa wasu suna da wani shafi mai sako-sako da ke baza jinin gaba da baya. Sai tsakiya, wanda mutane ke ɗauka auduga ce, galibi itace ne aka niƙa aka sarrafa ya zama kamar auduga, an barbaɗa masa wani gari kamar gishiri ko suga. A ƙasa kuma leda. Wannan garin shine sirrin, irinsa ne a cikin famfas ɗin yara, in kika jiƙa shi sai ya kumbura ya zama kamar jeli. A tataccen ruwa yana iya shanye ninki ɗaruruwa na nauyinsa, a ruwan da ke da gishiri kamar fitsari ya sauka zuwa ninki 30 da wani abu, a jini kuwa ya ƙara sauka, saboda ƙwayoyin jini da yauƙin suna liƙe masa a jiki, na sama ya kumbura ya toshe hanya, na ƙasa yana nan a bushe bai ga komai ba. Abin da na gani kenan a audugar ƙanwata. Kuma ruwan shuɗin nan da ake zubawa a talla ruwa ne mara kauri, dole ki ga ya shige nan take.

Saboda haka abin da nake nema a kunzugu abu uku ne, saman da zai buɗe wa jini hanya da sauri, tsakiyar da za ta riƙe ko an zauna a kanta, da ƙasan da ba zai bari ya ɓullo ba. Kauri kaɗai ba ya yin komai, na sha ganin mace ta ninka tsohuwar atamfa gida takwas amma ta ɓaci, don atamfa saƙarta a matse take ga sitati ga rini, jini mai kauri a kai yake zama kamar ka zuba kunu a faranti.

Toh mu je kasuwa. Na sama ki nemi yadin auduga mai laushi mai ɗan gashi gashi, irin wanda ake naɗe jarirai da shi ko zanin gadon sanyi, mu muna ce masa fulanel. Mu 'yan Jos Allah ya rufa mana asiri a nan, saboda sanyin garin kayan nan ba sa yankewa, in kika shiga Terminus wajen masu kayan jarirai za ki samu sabo, in kuma kuɗin bai kai ba ki gangara Katako wajen 'yan gwanjo ki zaɓi zanin gado mai kyau wanda bai sha jiki ba, guda ɗaya zai fitar miki da kunzugu fiye da goma. In babu shi, tsohuwar riga mai miƙewa ta auduga, irin ta shan iska, ita ma tana yi, saƙarta a buɗe take. Ki zaɓi mai duhu, ruwan ƙasa ko ja mai duhu ko mai zane, don tabo kada ya dame ki. Amma in na mai jego ne ko mace mai fama da yawan jini, ni na fi son mai haske, saboda a riƙa ganin yawan abin da ke fita da kalarsa, wannan yana da muhimmanci, zan dawo kansa.

Na tsakiya kuma tawul. Tawul na auduga zalla, ko nafkin ɗin yara na da, farin nan mai kusurwa huɗu da iyayenmu ke ɗaurawa da fil. Waɗannan ƙananan madaukan zaren da ke jikin tawul su ne ke aikin, suna kama guda suna riƙe shi, ruwan jinin kuma ya tsiyaye ya shige ciki. Ki kula, kasuwa ta cika da tawul mai santsi mai sheƙi wanda rabinsa roba ne, yana shan ruwa da sauri amma da an zauna a kai sai ya matso shi waje kamar soso, kuma in ya taɓa fata yana busar da ita ya kawo ƙaiƙayi. In shi kaɗai kika samu ki sa shi can ƙasa, tawul ɗin auduga a samansa. In kina tantama kan yadi ki zare zare ɗaya ki kunna masa ashana, auduga tana ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Na ƙasa, mai hana yoyo, akwai ledar shimfiɗar jarirai mai yadi a bayanta, siririyar ba mai kaurin da ake sa wa katifa ba, ita ta fi. Yadin tsohuwar lema ma yana yi. Wasu suna sa bargon jarirai na roba mai laushi, shi ba ya hana ruwa ɗari bisa ɗari amma yana jinkirta shi kuma iska na shiga, ga shi ba ya zamewa a jikin ɗan kamfai, na ranakun ƙarshe da jini ya ragu yana da kyau sosai. Ledar siyayya dai kar ki sa, tana ƙara in kina tafiya, tana tara gumi, wanki biyu ta yage. Sai maɓallin dannawa, na roba ya fi don na ƙarfe yana tsatsa, zare mai ƙarfi, alli, fil, da kwali na yanka samfuri.

Kafin almakashi ya taɓa komai ki wanke yadin nan duka, sau biyu ko uku da ruwan zafi da sabulu, ki shanya a rana. Dalili biyu ne. Sabon yadi yana zuwa da wani sinadari kamar sitati da ke hana shi shan ruwa, sai an wanke yake buɗewa, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko, in kika ɗinka kafin ki wanke, sama zai ja, ledar ƙasa ba za ta ja ba, abu ya murɗe ya ƙi kwanciya. In gwanjo ne ki tafasa shi ma gaba ɗaya a tukunya kamar minti goma.

Yanzu ga gwajin da nake yi, kuma dan Allah kar ki tsallake shi, shi ne ya bambanta nawa da na wasu. Kar ki gwada yadi da ruwa, kowane tsumma yana shan ruwa. Ki yanka ɗanyar kuɓewa guda uku ko huɗu ki jiƙa a rabin kofin ruwa ta kwana ko ta yi awa biyu, ki tace, ki dama ɗan koko mai ruwa ruwa ya huce ki haɗa su, za ki samu abu mai kauri da yauƙi wanda ya yi kusa da abin da muke magana. Ki shimfiɗa leda a tebur, ki ɗora tawul ninki biyu, ki ɗora yadin da kike so ki gwada a sama, ki ɗan karkata tebur ɗin ko ki sa a faranti ki ɗaga gefe ɗaya, sai ki zuba babban cokali ɗaya a tsakiya ki tsaya kina kallo. Yadi mai kyau za ki ga wurin ya yi duhu, tulin yana raguwa yana nutsewa. Mara kyau kuwa abin zai tsaya a dunƙule yana sheƙi sannan ya fara gangarowa. Ranar da na fara wannan gwajin na jera ƙyalle shida a kan tebur ɗin yanka, wani yadi mai tsada da na ɗauka shi zai zo na ɗaya, abin ya gangara a kansa har ƙasa bai bar ko alama ba, tsohuwar rigar ɗana kuwa ta shanye tas. Bayan ya nutse ki ɗora takarda ko wani busasshen ƙyalle a kai ki danna da tafin hannu da ƙarfi, wannan shine zama, in ya dawo sama da yawa to tsakiyar ce ba ta riƙewa, ki ƙara tawul ko ki canza shi.

Sai samfuri. A kwali ki zana tsayi inci 10 na rana, inci 13 ko 14 na dare da na jego. Faɗin tsakiya inci 3, gaba ya buɗe zuwa 3 da rabi, baya kuma na dare ki buɗe shi sosai har inci 5 ko 6 kamar wutsiyar kifi, saboda in mace ta kwanta rigingine baya jinin ke bi. Fukafukai biyu a gefe, daga ƙarshen wannan zuwa ƙarshen wancan inci 7 da rabi zuwa 8, su ne za su zagaye ɗan kamfai su haɗu a ƙasa. Ki ninka kwalin biyu a tsaye kafin ki yanka don gefe da gefe su zo daidai. Ki sake yanka wani kwalin na tsakiya kaɗai, ba fukafuki, ya gaza babban da rabin inci ta kowane gefe. In kina da audugar kanti da ta dace da jikinki ki shimfiɗa ta ki bi gefenta da biro, ya fi sauƙi.

Yanka: babban samfuri ki fitar da ɗaya a yadin sama, ɗaya a ledar ƙasa, ɗaya a wani yadin auduga da zai rufe ledar ta waje, kowanne ki bar rabin inci na ɗinki. Ƙaramin samfuri ki fitar da tawul. Guda nawa? Na ranar da jini ya yi sauƙi ɗaya ya isa, na kullum biyu, na ranar farko da ta biyu ko dare uku. Kar ki wuce uku a ɗinke, kuma dalilina Jos ne. A Yuli da Agusta sai a kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, abu mai tawul huɗu a ɗinke ba zai bushe ciki ba, waje ya bushe ki ɗauka ya yi, ciki na nan da danshi yana fumfuna, kuma wannan a jikinki zai koma. Abin da nake yi maimakon haka zan faɗa nan gaba kaɗan.

In tawul uku za ki sa, kar ki yanka su girma ɗaya. Na ƙasa cikakke, na tsakiya ya gaza da inci ɗaya gaba da baya, na sama ya ƙara gazawa, sai ya zama kamar matakala, tsakiya ta yi tudu inda ake buƙata, baki ya yi siriri ba ya nunawa a jikin zani. Ki bi bakin kowanne da zigzag ko ki kai a yi miki wibin, wato ɗinkin da ke kama bakin yadi, don tawul yana zubar da zare.

Yanzu ɗinki, kuma a nan ne mutane ke kuskure. Ki ɗora tawul ɗin a bayan yadin sama, a tsakiya, ki kafe da fil, ki ɗinke su tare su biyun kawai, leda ba ta shigo ba tukuna. Ki zagaye bakin tawul ɗin da ɗinki ɗaya. Sannan ki yi layi biyu ko uku a tsaye daga gaba zuwa baya, tsakaninsu kamar rabin inci zuwa inci ɗaya, ki tsaya kafin ki kai ƙarshe da inci ɗaya. Waɗannan layukan su ne kwata, ɗinkin yana danne yadi ya yi ɗan kwari, jini mai kauri in ya sauka sai ya bi kwarin gaba da baya maimakon ya nufi gefe, kuma yana manne yadin sama da tawul sosai, don in akwai iska tsakaninsu jinin ba ya tsallakawa. Kar ki taɓa yin layi a kwance, daga gefe zuwa gefe, hanya kika buɗe masa zuwa cinya. Kuma kar ki cika ɗinkin da yawa don ado, in kika danne tawul ko'ina ya yi tauri ya rasa wurin ajiya.

Dalilin da ya sa na ce leda ta jira, duk inda allura ta huda leda rami ne, in kika yi layukan nan har da ita kin mai da ita rariya. Ledar a baki kawai ake ɗinke ta. Ko fil ma kar ki soka mata a tsakiya, ki kama da maƙalin shanya ko ki soka a can bakin da za a ɗinke.

Sai haɗawa. Ki kwantar da ledar, ki ɗora yadin waje a kanta fuskarsa na kallon sama, ki kifa yadin sama a kai fuskarsa na kallon ƙasa, tawul ɗin yana kallonki kenan. Ki zagaye da ɗinki ki bar ƙofa kamar inci 2 da rabi a gefe ɗaya madaidaici, ba a kan lanƙwasa ba. Ki rage bakin da almakashi, ki ɗan tsattsaga wuraren lanƙwasa ba tare da kin taɓa zaren ba, sai ki juyo shi ta ƙofar kamar rigar filo, ki tura kusurwoyi da bayan biro. Ki duba, ledar ta shige ciki tsakanin tawul da yadin waje. Guga mara zafi sosai, ta gefen auduga, don leda na narkewa. Ki lanƙwasa bakin ƙofar ciki ki bi gefen gaba ɗaya da ɗinki siriri kusa da baki, ya rufe ƙofar ya kuma kwantar da abin. Maɓalli a fukafukai, ki gwada a jikin ɗan kamfai kafin ki kafa, ya kama tsam ba tare da ya tattare tsakiyar ba. In ba ki da keke duk wannan ana yi da hannu, ɗinkin komawa baya ƙanana ƙanana, zai ɗauke ki kamar awa biyu guda ɗaya amma yana ƙarko.

Ga abin da na ce zan faɗa, na masu gudaji da masu jego. A saman kunzugun ki ɗinka madauri biyu a kwance, ɗaya can gaba ɗaya can baya, siririn yadi faɗin rabin inci, a bakin gefe kawai za ki kafe su. Sai ki yanka tawul ko fulanel mai kusurwa huɗu, inci 9 da inci 10 ko 12, ki yi masa wibin, wannan ba a ɗinke shi a jiki, ninka shi ake yi gida uku a zura ƙarƙashin madaurin. Amfaninsa yana da yawa wallahi. Guda ba ya nutsewa cikin kowane irin yadi, ko na kanti ko na gida, a sama yake zama, to madaukan tawul ɗin sun kama shi, in kin shiga banɗaki ki zare ƙyallen ki sa wani, shi kunzugun da ke ƙasa, wanda nake ce wa gindi, yana nan a bushe. Kuma wajen shanya in kika warware shi shafi ɗaya ne, ko cikin damina awa kaɗan ya bushe. Ni yanzu na fi ɗinka wannan fiye da mai tawul a ciki. Saiti ɗaya nake ba da gindi shida da ƙyalle goma sha biyu, biyu daga gindin na dare.

Wajen sawa, ɗan kamfai na auduga mai kama jiki, wanda robarsa ba ta saki ba, don kunzugu komai kyansa in yana lilo jinin zai bi fata ya wuce shi. Ki canza duk awa huɗu zuwa shida ko da bai cika ba, ranar da yake zuba sosai kuwa ba ki jira agogo. In za ki fita ki tafi da 'yar jaka mai leda a ciki, wanda kika cire ki ninka gaba da baya zuwa tsakiya ki danna maɓallin a kai, ya zama ɗan dunƙule, ki sa a jaka sai kin dawo gida.

Wanki kuma ruwan sanyi ne farko, na san da sanyin Disamba a Jos hannu kamar zai tsinke amma ki daure, ruwan zafi dafa jini yake kamar yadda yake dafa ƙwai, ya kama zare ya ƙi fita har abada kuma ya toshe ramukan da kika sha wahalar nema. Ki ɗauraye har ruwan ya fara fita fari, ki jiƙa a bokiti mai murfi da ɗan gishiri ko sabulu kamar minti talatin zuwa awa ɗaya, kar ya kwana biyu a ruwa, zai yi wari. Sannan ki wanke da sabulun wanki, a nan in kina so ki sa ruwan ɗumi tunda jinin ya fita. Ki ɗauraye sosai sosai, sauran sabulu a jikin yadi yana kawo ƙaiƙayi kuma yana rage sha. Ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi kar ya kusance shi, wani maiƙo yake shafa wa zare, bayan wanki kaɗan sai ki ga jini na zamewa a kai. Hypo ma yana cinye auduga da ledar. Turaren wuta da humra a kaya ne, ba a nan ba.

Shanya a rana. Na san kunya, musamman a gidan haya da igiya ɗaya ce ta kowa, mata da yawa suna shanyawa a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa, wannan shi ke jawo wari da ƙuraje sai a ce kunzugu ne ba shi da kyau. Ki shanya a igiya ki yafa siririn gyale ko ɗankwali a kai, iska da zafin rana na ratsawa. Ƙyallen ninkawa kuwa ba wanda zai gane ko menene, kamar hankici yake. In rana ta ƙi fitowa ki bi ƙyallen da guga mai zafi har ya bushe ƙarau, gindin mai leda kuma ki rataye inda iska ke kaɗawa. Kafin ki ajiye ki matsa tsakiyar da yatsa, in kin ji sanyi sanyi bai bushe ba. Kuma kunzugu ba a aro, ko tsakanin ya da ƙanwa kowa da nata.

Na ce zan dawo kan maganar yawan jini, kuma ita ce ta fi damuna a duk rubutun nan. Wata baiwar Allah ta zo shago ta ce Anti ki yi min mai tawul biyar, na tambaye ta me ya sa, ta ce duk awa take canzawa, kwana tara take yi, in ta hau tudun unguwarsu sai ta tsaya ta huta sau biyu. Na ja fatar idonta ƙasa na duba, fari fat. Na ce mata ƙanwata kunzugu zan ɗinka miki amma asibiti za ki fara zuwa, ta je aka yi hoto aka ga ƙari ne a mahaifa, jininta ya yi ƙasa sosai. Kunzugu mai kyau yana iya ɓoye ciwo, tunda zani ya daina ɓaci sai mace ta ɗauka ta samu lafiya. Saboda haka in kina jiƙa auduga ko ƙyalle sharkaf duk awa ɗaya ko biyu har awanni a jere, ko gudajin da ke fita sun kai faɗin inci ɗaya ko sun fi, ko al'adar na wuce kwana bakwai, ko kina jiri da haki da bugun zuciya, ki je a duba ki, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos wato JUTH ga asibitin kwararru na Filato ga na unguwa, kar ki tsaya shan jiƙe-jiƙe.

Mai jego kuma nata ya fi gaggawa. Jinin biki yana farawa ja mai yawa a kwanakin farko, ya koma ruwan ƙasa ko ruwan hoda, ya koma fari fari, yana iya kai wa sati shida yana raguwa. In ya jiƙa babban kunzugu cikin awa ɗaya, ko guda ya fito babba kamar ƙwai, ko ya ragu sannan ya dawo ja da ƙarfi, ko yana wari mara daɗi ga zazzaɓi, a ɗauke ta a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, kar a ce ai ƙazanta ce ke fita a bari ta gama, kar a ce sai an yi wankan safe. Shi ya sa na ce nata ƙyallen ya zama mai haske, mai kula da ita, uwa ce ko goggo, ta riƙa dubawa tana ƙirga guda nawa aka canza daga safe zuwa dare. Kuma a wannan lokacin ba a cusa komai ciki, ba auduga ba tsumma, a waje kawai ake tarewa. In an yi mata ƙari wajen haihuwa ko an ɗinke ta, satin farko ƙyallen da zai taɓa wurin ya zama tafasasshe wanda aka goge da guga, mai santsi kamar fulanel, tawul ɗin ya koma ƙasa don madaukansa na iya kama zaren ɗinkin, kuma a canza duk shiga banɗaki bayan an yi tsarki daga gaba zuwa baya an tsane wurin.